Famfon insulin zai raba ni da maganin kolestarol?

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Shekarata 44, ina da ciwon suga nau'i na ɗaya tun ina budurwa, wata bakwai kenan da aka saka min famfon insulin ɗin nan da ake maƙalawa a fatar ciki, alhamdulillahi HbA1c, gwajin matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya sauko 7.3 daga 9 da wani abu. Da na yi gwajin kitsen jini, nau'in da ake kira tiraigilisaraid ya faɗi sosai amma LDL, wato mugun kolestarol, ko gezau. In na ƙara haƙuri famfon zai gyara shi in huta da ƙwayar statin, maganin rage kolestarol? Wallahi na gaji da haɗiye-haɗiye.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, amma statin ɗin nan dai kar ki ajiye shi tukuna. Insulin ba suga kaɗai yake kamawa ba, shi ke hana kitsen jiki narkewa ya kwarara cikin jini, shi ke ce wa hanta ta rage zubo kitse, kuma shi ke tada sinadarin da ke share tiraigilisaraid daga jijiyoyi, to da famfo ya fara ɗiga miki shi dare da rana ba yankewa dole wannan ya sauka. LDL kuwa taurin kai gare shi, gado da abinci da ƙiba duk suna da hannu a ciki, gyaran suga kaɗan yake taɓa shi. A babban binciken DCCT da aka yi kan masu ciwon suga nau'i na ɗaya a Amurka da Kanada, mutum 1,441, wanda sakamakonsa ya fito a 1993, masu matsa wa suga da famfo ko allura sau uku zuwa sama kitsensu ya ɗan gyaru, amma waɗanda suka tara ƙiba sosai nasu lalacewa ya yi. Nan fa tarkon yake, famfo na sa mutum ya saki jiki, ya ci abin da ya ga dama ya danna maɓallin ƙarin insulin.

Mai ciwon suga da ya haura 40 yawanci ana so ya zauna kan statin ko sugansa ya yi kyau, saboda zuciya. Ki sa a duba miki thyroid, wato ƙwayar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, da ƙoda ma, raunin thyroid yana yawan haɗuwa da irin ciwonki kuma yana ɗaga LDL. Sannan ki riƙa canza siririn bututun famfon da ke shiga fata duk kwana 2 zuwa 3, don insulin mai saurin aiki kaɗai ke cikin famfon, in ya toshe cikin awanni suga da kitsen za su yi sama tare.