Tambaya da Amsa: Wace ce Lucy Thompson ta ƙabilar Yurok?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce wata mata 'yar ƙabilar Yurok a Amurka ta rubuta littafi kan mutanenta fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wace ce ita, kuma yaya zan karanta littafin in fahimce shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Lucy Thompson ke nan, sunanta na gida Che-na-wah Weitch-ah-wah. An haife ta a 1856 a ƙauyen Pecwan, bakin kogin Klamath a arewacin Kalifoniya. A wurin mahaifinta ta sami horon Talth, wato masu riƙe da addu'o'i da dokokin bukukuwan ƙabilar. Ta auri wani Bature, Milton Thompson, a 1875, ta kuma rasu a garin Eureka a 1932. Littafinta, To the American Indian, ya fito a 1916, kuma ita ake ƙirgawa mace ta farko cikin 'yan asalin Kalifoniya da ta wallafa littafi. Ya daɗe ba a waiwaye shi ba, sai a 1991 da madaba'ar Heyday ta sake buga shi, ya ci kyautar American Book Award a 1992.

Nemi bugun 1991 in da hali, don yana da gabatarwa. Na 1916 kuwa ana samun sa kyauta a intanet.

Inda masu karatu ke tuntuɓe shi ne sunaye. Yawanci "Indiyawan Klamath" take kiran mutanenta, domin kalmar Yurok daga bakin maƙwabtansu Karuk ta fito, ma'anarta ɓangaren da kogi ke gangarawa. Ta kuma rubuta kalmomin harshenta yadda kunnen mai Turanci zai ji su, don haka Reck-woy ɗinta shi ne Requa na taswira, Cap-pell kuma shi ne Kepel. Ajiye taswirar kogin a gefe, in ba haka ba ƙauyukan za su cakuɗe miki. Sai kuma wuraren da take kwatanta Talth da ƙungiyar asiri ta Mason. Turawa take yi wa bayani da abin da suka sani, kada ki ɗauka abu ɗaya ne.

A ganinmu, inda ya kamata ki fi daɗewa shi ne batun shingen kifi na Kepel. Akan kafa turaku a tsallake kogin, a saƙa rassa a tsakani, a yi wa kifin salmon ɗakunan tarko. Ginin yakan ci kwana goma. A kama kifi na kimanin kwana goma, a busar, sannan a buɗe shingen domin sauran kifin su haura su yi ƙwai, mutanen saman kogi su ma su samu. Da wannan ma'aunin ta soki yadda baƙi ke kwasar kifi ba ƙaƙƙautawa, ta kuma koka kan giyar da ta shigo ta lalata gidaje.

Abin da ta ji wa tsoro ya faru. Madatsun ruwa sun tare hanyar kifin, kuma a 2002 fiye da 30,000 suka mutu a ɓangaren kogin da ke kusa da teku saboda ƙarancin ruwa da cuta. Yurok da maƙwabtansu suka dage har aka rushe madatsu huɗu tsakanin 2023 da 2024, kuma a cikin 2024 ɗin aka ga salmon sun haura har jihar Oregon.