Na biya bashin katina amma banki ya ƙi goge sunana, in kai su kotu?

Malam, a tambayarka ka ce kana kasuwanci a Kasuwar Bacci, ka yi watanni ba ka biya bashin katin kiredit ba, daga baya ka biya tas ka rufe katin, yanzu wani bankin ya hana ka rance don ya ga tarihinka, kai kuma kana so ka kai ƙarar ɓata suna. To ban ga takardunku ba, don haka a kan abin da ka faɗa kawai zan yi magana.

Gaskiya da wuya wannan ƙarar ta yi nisa. Dokar Credit Reporting Act ta 2017 ta ba bankuna damar miƙa bayanan bashi ga kamfanonin adana tarihin masu cin bashi irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma in da gaske ka yi jinkirin biya, ai ba ƙarya suka yi maka ba. Biyan da ka yi ba ya share tarihin, abin da kake da haƙƙi a kai shi ne rikodin ya nuna ka gama biya. Nan ne wasu bankunan ke sakaci, a karɓi kuɗin mutum amma a bar sunansa kamar har yau ana binsa, in ya je ofis a ce ya dawo gobe, wannan kam ba uzuri.

Ka fara ciro rahoton tarihin bashinka daga waɗannan kamfanonin, kana da damar samu kyauta sau ɗaya a shekara. In ya nuna akwai saura, karɓi takardar shaidar ba a binka komai daga bankin da ya ba ka katin, ka rubuta musu ƙorafi a buga maka sitam a kwafinka. In sati biyu suka wuce shiru sai sashen kare kwastomomi na Babban Bankin Najeriya (CBN), sanannen abu ne. In har ta kai, ni sulhu zan fi ba ka shawara, don kotu za ta iya cin shekaru kai kuma jari kake nema yanzu.

Sabon kati kuwa, in addininka da aljihunka sun yarda, ɗaya ya isa, mai ƙaramin limit, wato iyakar kuɗin da za ka iya ci bashi, kuma ka riƙa biyan duka kafin ranar da aka sa maka ta biya, biyan mafi ƙanƙanta ruwa kawai yake tara maka. Kuma ka karanta fom ɗin da kyau, in akwai GSI a ciki, tsarin da CBN ya fara a 2020, ka ba su izinin cirar bashin daga sauran akawun ɗinka masu BVN ɗaya in ka gaza biya.