Ku Tambaya Mu Amsa: Zan sayi tsohuwar ampilifayar bes mai bawul, me zan duba?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni matashi ne a Jos, ina kaɗa bes jita a wata ƙungiya, muna zuwa bukukuwa da ƙananan taruka. Na daɗe ina son ampilifaya mai bawul (wato mai kwalaben gilashin nan da suke ƙara ƙarfin sauti maimakon taransista) saboda wannan sautin mai kauri, yanzu an min tayin guda biyu na hannu, Ampeg SVT da Fender Bassman 100, duka daga Amurka aka shigo dasu. Mai SVT ɗin yace in ban biya cikin satin nan ba akwai mai jira. Wacce zan ɗauka kuma me zan duba kafin in bada kuɗi? Nagode.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da farko dai ka ƙyale maganar "akwai mai jira", duk mai saida kaya haka yake cewa, kar ta sa ka gaggawa akan abinda zai iya cinye maka kuɗin shekara guda.

Duka biyun kaya ne masu daraja, ba ƙarya. SVT ta fito 1969, wat 300 take bayarwa daga manyan bawul guda 6 da ake kira 6550, kuma don manyan filaye aka ƙera ta. To amma ka taɓa ɗaga ta? Kanta kaɗai ya haura kilo 35, akwatin sifikarta mai sifika 8 kuma ya haura kilo 60, kai da kake yawon biki a keke napep ko bayan mota wlh sai kayi tunani sosai. Bassman 100 kuma ta shekarun 1970 ce, bawul ɗinta na ƙarfi guda 4 ne samfurin 6L6, sun fi sauƙin samu, sun fi araha, kuma haɗin cikinta a fili yake, mai gyaran da ya san aikinsa zai bi waya ɗaya bayan ɗaya ya gane komai. Raunin ta shine in mai ganga yana da nauyin hannu kuma fili babba ne, wat 100 zai fara dakushewa da wuri, sautin ya riƙa karcewa, wasu ma wannan karcewar suke nema amma ba kowace waƙa take so ba.

Yanzu ga inda nafi so ka tsaya. Bawul ana canzawa, kafasita (masu tara wuta a ciki) ana canzawa, amma taransifoma ita ce ran na'urar, musamman wadda take miƙa sauti ga sifika. In ta ƙone to ka shiga uku, domin sai dai a yi oda daga waje, kuɗinta da na dakonta zasu iya kai rabin abinda ka biya tun farko, in kuma aka sake naɗa mata waya a gida da wuya sautin ya dawo yadda yake. Saboda haka ka sa hanci ka shinshina bayan na'urar, in kaji ƙauri ko kaga wani baƙin abu kamar kwalta ya tsiyayo daga jikin taransifoma, kayi sallama ka kama gabanka. Ka ciro fiyus ma ka duba, in ka tarar an naɗe shi da waya ko takardar sigari, ko an sa wanda yafi lambar da aka rubuta a jiki, to yana ta ƙonewa ne aka rufe masa baki, matsalar tana nan ciki.

Kar ka yarda a kunna ta ba'a jona sifika ba, ko na minti ɗaya. Ampilifaya mai bawul ba irin ta taransista bace, in aka kaɗa babu sifika ƙarfin komawa yake cikin taransifoma ya huda ta. Kuma lambar ohm da aka rubuta a jikin sifika ta dace da wadda ampilifayar take so, Bassman 100 ohm 4 take so, SVT kuma 2 ko 4. Ka tambayi mai ita da wace sifika yake amfani da, amsar da zai baka zata nuna maka irin riƙon da ta sha.

Kaje da jitarka da wayarka, a kunna a barta a standby (makunnin da yake barin bawul su ɗumama kafin sauti ya fita) kamar minti ɗaya sannan a saki, kayi ta kaɗawa aƙalla rabin awa da ƙarfi, don yawancin cutukan sai tayi zafi suke fitowa. Ka leƙa manyan bawul ɗin a wuri mai ɗan duhu. Ɗan hasken lemu a tsakiya lafiya ne, amma in kaga farantin ƙarfen dake ciki yayi jajir kamar garwashi ka kashe nan take, ko bawul ɗin ya gaji ko saitin bayas, wato yawan wutar da take bi ta cikinsa, ya kauce. In saman kwalbar da ya kamata ya zama ruwan azurfa ya koma fari fat, iska ta shiga, ya mutu. Ƙananan kuma irinsu 12AX7 ka ɗan ƙwanƙwasa su da bayan fensir a hankali, wanda ya amsa da ƙara "tin tin" a sifika ya kusa tafiya, wannan ba tsada bane. Gurnani mai kauri da baya raguwa ko ka rufe bolum gaba ɗaya yawanci manyan kafasita ne suka bushe, abinda ya shekara kusan 50 dole ne, ka sa kuɗin canza su cikin ciniki.

Amma don Allah kar ka buɗe cikinta da kanka. Cikin SVT akwai wuta kusan bolt 700, kuma kafasita suna riƙe ta ko bayan an zare daga soket, tana kisa. Ka nemo dattijon mai gyara irin waɗanda suka yi zamanin rediyo da talabijin mai bawul ka biya shi ya raka ka, tun kafin ka saya ka san wanda zai riƙa duba maka ita, kamar dai mai sayen tsohuwar Fijo 504 da yake fara neman bakanike.

Sai maganar wuta wadda mutanenmu suke mantawa. Kayan Amurka bolt 120 ne, namu 230, in babu makunnin canza bolt a bayanta kuma ka jona kai tsaye shikenan. Sai ka haɗa da taransifoma mai sauke wuta, ga Bassman kar ya gaza wat 500, ga SVT ka nemi 1000 zuwa sama. Ga kuma janareta da wutarsa take hawa da sauka, sitabilaiza ya zama dole. Tsoffin masu filogi mai ƙafa biyu a sa musu mai ƙafa uku da wayar ƙasa, in ba haka ba wata rana leɓenka zai taɓa makirfo hannunka na kan jita kaji a jikinka.

Bawul sababbi a ƙasashe kaɗan ake yinsu yanzu, kamfanin JJ a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha, sai Chana, kuma tun 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi farashi ya hau. Manyan kuma saiti ake saye waɗanda aka gwada suka daidaita, guda 6 na 6550 ba ƙaramin kuɗi bane. Ni a ganina, da irin aikin da kake yi, in Bassman ɗin ta wuce gwajin nan ita zaka ɗauka, ragowar kuɗin ka sai sifika mai kyau.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. A kasuwar Alaba ta Legas naga wata an rubuta SVT-3 Pro, bata da nauyi sosai kuma kuɗinta da sauƙi, mai shago yace mai bawul ce. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Rabin gaskiya ne ɗan'uwa. Bawul ɗinta ƙanana ne a ɓangaren da yake gyara sauti, amma ƙarfin wat 450 ɗin daga taransista yake fitowa, shiyasa bata da waccan ƙatuwar taransifomar kuma kake iya ɗaukarta da hannu ɗaya. Na'ura ce mai kyau, ga mai yawon biki ma tafi sauƙin riƙo, kawai dai ka biya kuɗinta a matsayin abinda take, kar a caje ka kuɗin SVT ta asali.