Wace kwamfuta mai araha zan sa wa ƙaramin injin fiƙe ƙarfe na CNC?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa ƙaramin injin fiƙe ƙarfe na CNC a gida, wato irin wanda kwamfuta ke sarrafawa, na ɗaura masa moto biyu masu taku, ɗaya na tafiyar tsaye ɗaya na shiga ciki. Kuɗina sun kusa ƙarewa kuma ban sayi kwamfuta ba. Wani ya ce in nemi laftof mai ƙarfi in haɗa da wayar da ke mayar da USB kafar firinta. Tsorona kada in kashe ɗan abin da ya rage a banza, ko injin ya ɓalle ya ji mini ciwo. Ina kuma son in riƙa yanka tiredi, wato zaren jikin ƙarfe irin wanda noti ke hawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kuma gara da ka tambaya kafin ka biya. Kada ka sayi laftof ɗin, kada ka sayi wayar.

Abin da kake buƙata tsohuwar kwamfutar tebur ce irin wadda ofisoshi ke zubarwa, kamar Dell OptiPlex ko HP na zamanin Core 2 Duo ko Core i3 na farko. RAM na giga 4 ya wadatar, da ƙaramin SSD. In tana da kafar firinta mai ramuka 25 a bayanta, madalla. In babu, a sa mata katin PCI ko PCIe mai wannan kafa. Manhaja kuwa LinuxCNC, kyauta ce, kuma ta iya aikin wannan inji sosai. Mach3 ma yana yi, amma ta kafar firinta ba ya aiki sai a kan Windows mai bit 32.

To, bari in tsaya a kan maganar "laftof mai ƙarfi", domin kullum sai an zo da ita, kuma masu sayar da kaya ne ke hura mata wuta. Mutane sun ɗauka gudun kwamfuta shi ne ke tafiyar da inji. Ba haka ba ne. Lissafin hanyar wuƙa ƙaramin aiki ne, kwamfutar shekara goma sha biyar da suka wuce tana gama shi ba tare da ta ji ba. Abin da injin ke nema shi ne bugu, wato alamar lantarki da kwamfuta ke aikawa don moto ya yi taku, ya iso a kan lokaci, kowane lokaci. Kamar makaɗi ne: ba ƙarfin hannunsa ake bi ba, kada dai ya saki kiɗa.

Duba lissafin. Moto mai taku 200 a zagaye, direba, wato allon da ke tuƙa moton, an sa shi ya raba kowane taku kashi 8, bugu 1,600 ke nan a zagaye guda. In sandar tura wuƙa tana tafiya milimita 5 a zagaye, kowace milimita bugu 320 ce. A gudun milimita 1,500 a minti, ana buƙatar bugu 8,000 a sakan, wato ɗaya a kowane maikurosakan 125. Yanzu ka ce laftof ta ɗan dakata na milisakan ɗaya don ta duba batir ko zafin jikinta, abin da aka ƙera ta ta riƙa yi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Bugu takwas sun makara. Moton yana cikin gudu, sai ya yi tuntuɓe, ya yi ƙara, ya zubar da taku. Kuma moto mai taku ba ya komawa ya gaya wa kwamfuta cewa bai isa inda aka aike shi ba. Allo yana nuna wuƙa na nesa da cok, wato abin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi, da milimita 10, alhali a zahiri saura 2. Umarni na gaba sai ta shige cikin muƙamuƙin cok yana tsaka da juyawa. Bakin wuƙa ya tarwatse, ko ƙarfen ya kuɓuce ya tashi, kai kuma kana tsaye daidai gabansa. Wanda ya ce maka "ai tawa tana yi" bai kai ranar ba ne tukuna.

Wayar USB ɗin kuwa ta fi ba ni haushi, don ana sayar da ita ga masu inji alhali an san ba ta yi. An yi ta ne don firinta. Tana tara bayanai ta aika dunƙule-dunƙule, manhajar ba ta da iko a kan kowane rami ɗaya-ɗaya. LinuxCNC ba zai gan ta ba, Mach3 ma haka. Kada a rikita ta da na'urori irin UC100, waɗanda kamanninsu ɗaya amma suna da ƙwaƙwalwarsu a ciki da ke samar da bugun. Wancan wani abu ne daban, da kuɗinsa daban.

Saboda haka gwada kwamfutar kafin ka biya. Sauke LinuxCNC a filashi, ka tayar da ita daga filashin ba tare da ka girka komai ba, ka kunna gwajin jinkiri da ke cikinsa. Kada ka bar ta a zaune: buɗe bidiyo, kwafi manyan fayiloli, ja tagogi nan da can, ka bar gwajin aƙalla awa guda. Lambar da yake nunawa nanosakan ce. Ƙasa da 20,000 ta yi kyau ƙwarai. Tsakanin 30,000 da 50,000 za ta yi aiki, sai dai ka rage gudu. In ta kai 100,000, ba ta dace da samar da bugu ta kafar firinta ba. Kafin ka yanke mata hukunci, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, ka kashe duk tsarin tsimin wuta da na sauya gudun furosesa, ka sake gwadawa. Sau da yawa lambar kan faɗo.

In lambar ta ƙi sauka, mafita ita ce kati irin Mesa 7i96S da ke haɗuwa ta wayar Ethernet. Katin ke samar da bugun da kansa, kwamfuta tana yi masa magana sau 1,000 a sakan kawai, har ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi 4 na iya riƙe shi.

Batun tiredi shi ne ya sa ban ce ka ɗauki ƙaramin allon Arduino Uno da manhajar GRBL ba, duk da ya fi komai araha. GRBL na asali ba ya daidaita tafiyar wuƙa da juyawar cok, kuma ba a yanka tiredi sai da wannan. Kana buƙatar enkoda a kan sandar cok, mai ba da alama ɗaya a kowane zagaye da kuma bugu masu yawa a tsakani. Faifai mai tsagi 60 zuwa 100 ya isa ga kafar firinta: tsagi 100 a juyi 2,000 a minti bugu 3,300 ne da 'yan kai a sakan. In ka sa mai layi 1,000, kafar ba za ta iya ƙirga shi ba, sai da katin Mesa.

Abu biyu kuma kada ka yi musu rowa. Tsakanin kafar firinta da direbobi sa allon rabawa mai raba wutar inji da ta kwamfuta, wanda kuma ba ya sakin komai sai manhaja ta aiko masa da alamar cewa ta farka. Lokacin da kwamfuta ke tashi, ramukan kafar suna kunnuwa suna mutuwa yadda suka ga dama, kuma hakan na iya tayar da cok hannunka na kai. Na biyu, jan maɓallin tsayawar gaggawa kada ya bi ta kwamfuta. Idan ta daskare, maɓallin allo ya mutu tare da ita. A ɗaura shi kai tsaye a kan kontakta mai yanke wutar moton cok da ta direbobi, da haɗi irin wanda yake a rufe kullum, ta yadda ko waya ce ta tsinke injin zai tsaya. Sai a ja waya ɗaya daga nan zuwa kwamfuta don ta san an tsaya. Ita kanta kwamfutar ka ajiye ta nesa da ɓarɓashin ƙarfe, ka sa mata tata a bakin fanka, kuma kada ka riƙa hawa intanet da ita lokacin da inji ke yanka.