Wace laftof ce za ta ɗauki kayan kiɗa na kwamfuta ba tare da ta ci kuɗi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Kurna, ina koyon haɗa kiɗa da FL Studio. Kwamfutata da zarar na buɗe kayan kiɗa na kwamfuta Kontakt da Nexus tare sai sautin ya fara kakarewa. Na je Beirut Road an nuna mini guda biyu 'yan hannu: mai furosesa i7 zubi na 6 da RAM gigabayit 8 da babban katin giraf, da kuma i5 zubi na 8 mai RAM 8 da SSD. Kuɗina ba su kai na saya sabuwa ba. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki i5 ɗin nan ta zubi na 8, kuma kada ka bar kasuwar sai an ƙara mata RAM ta kai 16.

Na san sunan i7 ne ke ja maka rai, da shi ake cin kasuwa. Amma a laftof ɗin ofis da suka cika shagunanmu, i7 na zubi na 6 da na 7 wanda lambarsa ta ƙare da harafin U ƙwaya biyu ce kacal a cikinsa, wato sassa biyu masu yin lissafi. A 2017 ne Intel ta fitar da zubi na 8, inda ko i5-8250U ta zo da ƙwaya huɗu. Kowace murya da ka ɗora a waƙa, ganga ce, algaita ce ko fiyano, sai furosesa ta lissafa ta nan take. Leburori huɗu sun fi biyu sauke kaya ko da biyun sun fi ƙiba. Ga kuma wani dalili: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa daga zubi na 8 take karɓa a hukumance. Katin giraf ɗin da aka yi maka talla da shi na masu gem ne da masu tace bidiyo. A kiɗa ba abin da zai ƙara maka sai zafi da ƙugin fanka, wanda makirfo zai kwashe ya zuba cikin muryar mawaƙinka.

Kayan kiɗan nan iri biyu ne. Irin su Serum ƙirƙirar sautin suke yi da lissafi, furosesa suke ci. Irin su Kontakt kuwa sautin kayan kiɗa na gaske ne aka ɗauka aka adana, sai an kwaso shi daga ma'ajiya an shimfiɗa a RAM kafin ka taɓa maɓalli. RAM tamkar teburin mai shayi ce: in ya yi ƙanƙanta, kowane kofi sai an sunkuya ƙasa an ɗauko. Windows kaɗai tana cinye kusan rabin 8 ɗin nan kafin ka buɗe komai. Don haka ka sa a buɗe bayan laftof ɗin a gabanka ka ga ramukan RAM da idonka. ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 duk ramuka biyu gare su, ana cirewa a ƙara. Sirara da yawa kuwa an liƙe musu RAM a jikin allo, yadda ka saya haka za ka mutu da ita. SSD, wato ma'ajiya mai sauri, kada ta gaza gigabayit 512 in da hali, domin kayan kiɗa na Omnisphere kaɗai tana neman wajen gigabayit 64.

Kakarewar da kake ji ma ba lallai laifin kwamfutar ba ne gaba ɗaya. Shiga saitin sauti na FL Studio ka duba direban da kake kai, ka tabbatar na ASIO ne, wato direban sauti mai rage jinkiri, sannan ka duba bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar da shi. A 256 jinkirin da take ƙarawa bai kai kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ba, yatsa ba ya jin sa. A 1024 ya haura kashi 23 cikin dubu, za ka danna fiyano ka ji sautin na biyo ka a baya, amma kwamfutar na samun sararin numfashi. Lokacin bugawa ka sauke ta, lokacin gauraya sauti ka ɗaga. In ka samu rarar kuɗi nan gaba, ƙaramin akwatin sauti irin Focusrite Scarlett Solo zai fi maka amfani a kan ƙarin kuɗin i7.

Abin da ya fi damuna da yaranmu shi ne saye ba gwaji. Na taɓa karɓar wata mai kyan jiki, ba ko ƙwarzane, na kai gida a watan Afrilu. Minti goma sha biyar tana aiki lafiya, daga nan fanka ta ɗau kuka, sauti ya fara tsattsagewa. Da aka buɗe, ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iska kamar auduga, man da ake shafa wa furosesa don rage zafi kuma ya bushe ƙamas. Furosesa in ta ji zafi da kanta take rage gudu, zafin Kano na bazara kuwa yana haura digiri 40. Saboda haka ka tafi da filash ɗauke da FL Studio ɗinka da waƙarka mafi nauyi, da abin jin sauti na kunne. Ka roƙi mai shago ya ba ka kujera, ka kunna ta tana maimaita kanta minti ashirin, idonka na kan ma'aunin furosesa da ke saman shafin. Ka zare caja ka ga ko batir zai riƙe, don ka san halin wutarmu, ɗaukewa ɗaya tana iya tafiya da aikin dare guda. Ka gwada kowace kafar USB, tunda fiyano da akwatin sauti kowanne zai buƙaci tasa. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, yi masa sallama cikin mutunci ka matsa gaba, layin da tsawo.

In ka kawo ta gida, a share fankar a sa sabon mai, ka ɗora ta a kan katako yadda iska za ta shiga ta ƙasa, ban da kan katifa. Kuma duk lokacin da za ka yi aiki mai nauyi ka jona caja, ka sa saitin wuta na Windows a kan cikakken ƙarfi. Allah Ya sa albarka a sana'ar.