Asibiti sun ce a kai Hajiya gidan jinya a Ingila: ta yaya za mu gane na ƙwarai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata mai shekara 79 tana zaune tare da mu a Birmingham, kuma tana da takardar zama ta dindindin. Watan jiya ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ta iya juyawa da kanta, tana ƙwarewa idan ta sha ruwa, ga ciwon suga. Asibiti sun ce gidan jinyar tsofaffi ya fi dacewa da ita. Ni da maigidana duk muna aiki, yayana kuma daga Kano yana ta cewa abin kunya ne. Me zan duba kafin in zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Maganar yayanki ba ta rasa tushe, amma lissafinsa na gidan Kano ne, inda ga matan 'yan'uwa, ga jikoki, wannan ta gaji waccan ta karɓa. Ku biyu ne, alhali wanda ba ya iya motsi yana bukatar juyi dare da rana, ɗaga shi da na'ura kuma galibi aikin mutum biyu ne.

Gidajen iri biyu ne. Akwai wanda masu kula kawai ke ciki, suna wanka da ciyarwa da ba da magani. Akwai kuma wanda nas mai rajista ke ciki awa 24. Da halin da kika bayyana, na biyun ne na Hajiya, kada ki ɓata ƙafa a na farkon.

Hukumar CQC ce ke duba waɗannan gidaje a Ingila, kuma tana sa rahoton kowane gida a shafinta na intanet kyauta. Matakai huɗu take bayarwa: fitacce, mai kyau, mai bukatar gyara, da wanda ya gaza. Kada ki tsaya a kan matakin. Dubi kwanan watan rahoton, domin wani ya yi shekaru, manajan da ya samu yabon ma ya bar wurin. Karanta sashen tsaron lafiya da na shugabanci, nan ake rubuta kurakuran magani da ƙarancin ma'aikata.

Zaɓi gida uku da ba su yi nisa da ku ba, ki ziyarci kowanne sau biyu: ɗaya da alƙawari, ɗaya kuma ki faɗa musu ba zato, lokacin cin abinci ko da yamma a ƙarshen mako. Kyawun falo da furanni ba sa jinya, ma'aikata ne ke yi. Tambayi manaja nas nawa da masu kula nawa ke kwana a ɓangaren da za a sa Hajiya, kuma mutum nawa suke dubawa. Tambayi nawa ne na dindindin, nawa ake haya daga kamfanin waje. Wanda ya zo aikin dare ɗaya bai san cewa Hajiya tana ƙwarewa ba sai in ya karanta takarda, kuma ba kowa ke karantawa ba. Kina zaune ki saurari ƙararrawar kira, ki ƙirga minti nawa take yi kafin a amsa. Zarnin fitsari a ɗaki ɗaya ba komai ba ne. Wanda ya kama dukkan baranda yana nufin ana barin mutane a jiƙe.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi kayar da majinyaci irin Hajiya shi ne gyambon kwanciya. Nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa, naman ya mutu daga ciki kafin a ga komai a waje. Ya fi fitowa a ƙashin ƙugu, kwatangwalo da dunduniya. Mai haɗari sosai ana juya shi aƙalla duk awa huɗu, wasu duk awa biyu, a kan katifar iska, kuma ana rubuta kowane juyi. Ki ce a nuna miki irin takardar. Sannan ki yi tambayar da mutane ke mantawa: yaya suke gane shi a baƙar fata? An saba koya wa ma'aikata su nemi ja, a fatarmu kuwa sau da yawa jan ba ya bayyana. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi zafi, tauri ko kumburi. Nas ɗin da ta yi shiru a wannan tambaya ta riga ta ba ki amsa.

Sai haɗiya. Ruwan da ya bi maƙoshin iska yana sauka a huhu ya jawo nimoniya. Masanin magana da haɗiya na asibiti zai rubuta matakin kaurin abin sha da laushin abinci, a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 7. Dole mai dafa abinci da kowane mai ciyarwa su san lambar Hajiya, a zaunar da ita a miƙe, kuma a bar ta a zaune kamar minti 30 bayan ta gama. Ke ma kada ki kawo kunu ko tuwo daga gida sai nas ta duba kaurinsa. Tambayi sau nawa ake auna nauyi. Sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙaranci. Game da suga, tunda cinta ya ragu, maganin da take sha a da yana iya yi mata yawa ya kayar da sugan, don haka likita ya sake duba shi.

Addini da harshe kuwa, alƙawarin baki bai isa ba, a sa su cikin tsarin kulawa a rubuce: mace ce kawai za ta yi mata wanka da tsarki, naman halal daga ina yake zuwa, taimakon alwala ko taimama, da wanda za a kira nan take idan rai ya yi halinsa saboda gaggauta jana'iza. Bayan shanyewar jiki wasu kan rasa Turancin da suka koya. Rubuta wa ma'aikatan kalmomin Hausa goma a bango, irin su ruwa, zafi, sanyi, bayan gida, da yadda ake furta su.

Kuɗi. Ki nemi a auna ta don shirin NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasa, mai suna Continuing Healthcare. Idan aka ga bukatarta ta lafiya ce tun asali, NHS ke biyan komai, ba a duba dukiya. In ba ta samu ba, NHS tana biyan wani kaso na aikin nas kai tsaye ga gidan, ƙaramar hukuma kuma ta auna bukatarta kyauta a ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, sannan ta duba abin da ta mallaka. Mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Mai ƙasa da fam 14,250 ba a karɓar komai daga ajiyarsa, sai dai a karɓa daga kuɗin shigarsa kamar fansho. Dukiyar Hajiya ake dubawa, ba taki ba. Inda 'ya'ya ke shiga tarko shi ne kuɗin ciko: idan kika zaɓi gidan da ya fi abin da hukuma ta ware tsada, kika sa hannu za ki cika, nauyin ya hau kanki, kuma yana ƙaruwa duk lokacin da gidan ya ƙara farashi.

A yarjejeniya ki nemi abu huɗu: yadda ake ƙarin kuɗi, abin da ba ya cikin kuɗin mako, wa'adin sanarwar fita, da kwana nawa ake ci gaba da caji bayan rasuwa.

Bayan ta tare, ki riƙa sauya lokacin zuwanki, ki ɗaga zane ki duba dunduniya da ƙugu da idonki, ki dubi bakinta ko ya bushe. Rikicewar tunani ta farat ɗaya sau da yawa alamar ciwon mafitsara ce ko ƙarancin ruwa, a kira likita a ranar. Ƙorafi ki fara kai shi ga manaja a rubuce. Idan kina zargin sakaci ko cutarwa, ki kira sashen kare manya na ƙaramar hukumarku kai tsaye, ki kuma sanar da CQC.