Akwatin Tambayoyinku: Ana biyan diyya kan laifin ƙwaya a Saudiyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya tafi Umra sai labari munka samu an kama shi filin jirgin Jidda, wai an ga ƙwaya cikin wata jikka mai sunanshi, shi ko ya rantse jikka guda yat tafi da ita. Yanzu wani mutum ya zo ma tsohonmu ya ce in anka haɗa kuɗɗi zai kai a biya diyya a sako shi, har tsoho na batun saida gona. Don Allah ana biyan diyya ga irin wanga laifi? Daga 'yar uwarku a Ƙaura Namoda.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya fito da shi lafiya. Kafin komai ki roƙi Baba kada ya taɓa gonar nan. Mutumin can ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma ya sani sarai yana so ya ci da hawayenku ne.

Diyya a shari'ar kisan kai take, inda magadan mamaci ke da haƙƙin su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. To a batun ƙwaya wa aka kashe balle a ce ga magadan da za a je a durƙusa ma? Saudiyya ta sa safarar ƙwaya a babin ta'aziri ne, wato hukuncin da shugaba ke tsarawa, tun fatawar majalisar manyan malamansu ta 1987. In kotu ta yanke kisa sai an bi ta ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli, sannan sarki ya sa hannu, shi ke da ikon sassauci, kuma ba a sayen wannan da kuɗin gona.

Ba ina tsorata ki ba ne amma abin ba wasa ba ne. A farkon 2021 sun ce sun dakatar da kisa kan ƙwaya, sai ga shi a Nuwamba 2022 sun dawo da shi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ƙirga mutum 345 da aka kashe a ƙasar a 2024, 122 daga ciki kan ƙwaya ne, kuma baƙi sun fi yawa a cikin waɗannan.

Abin da aka ga yana fitar da mutum shi ne hujja, da gwamnati ta tsaya da wuri. Ki tuna ɗalibar nan 'yar Kano da aka kama a Madina ƙarshen 2018, ba kuɗi suka fito da ita ba, hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA ce ta cafke ma'aikatan filin jirgin Kano da suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, aka kai ma Saudiyya wannan shaida, aka sako ta a Afrilu 2019. Mu ma nan Zamfara an yi da wani alaramma, sai a 2020 aka wanke shi bayan ya sha zama.

Saboda haka ku tattara tikitinshi, da ɗan guntun takardar nan da ake liƙawa bayan an auna kaya, ita ke nuna jaka nawa da kilo nawa, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin NDLEA na Gusau ku ce a duba kyamarar filin jirgin da ya tashi tun ba a goge ba, ku rubuta ma NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da ma'aikatar harkokin waje don ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ya je ya gan shi, kamfanin da ya yi mishi biza kuma a kai sunanshi hukumar alhazai ta NAHCON. Ɗan majalisarku na tarayya ma ku matsa mishi, ranar irin wannan aka zaɓe shi. In kun samu magana da yaron ku ja kunnenshi, kada ya dangwala hannu a takardar Larabci sai da tafinta da lauya.

TAMBAYA: Malam ni fa ban gane ma 'yan kare haƙƙin ɗan Adam ɗin nan ba. Ƙwaya ta gama da yaranmu, amma da an ce za a kashe dila sai su hau kururuwa. Ba gara mu ma a riƙa kashe su ba? Daga wani malamin makaranta a Jega.

AMSA: Malam na ji zafinka, duk wanda ya ga abin da kodin da tiramadol suka yi ma samari da matan aure ba zai ce ka yi tsauri ba. Hujjar su 'yan rajin tana sashe na 6 na yarjejeniyar 1966 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta shiga a 1993: kisa sai a kan mafi munin laifi, an kuma fassara shi da kisan ganganci, sannan duk wanda aka yanke ma yana da damar neman afuwa. Saudiyya da Singafo dai ba su shiga ba.

Ni abin da ya fi tsaya min ba takardar ba ce, wa ake kashewa? Mai kayan yana zaune gidanshi, ɗan aike ne ke shiga hannu. A 2007 Singafo ta rataye wani matashi ɗan Najeriya mai buga ƙwallo, yana da shekara 18 aka kama shi, Obasanjo da kanshi ya roƙa mishi afuwa ba a ji ba. Indonesiya ta harbe mutum 8 a Afrilu 2015, 4 'yan Najeriya ne, a daren aka ɗaga ƙafa ma wata 'yar Filifin da ta dage yaudararta aka yi, sai ga ta gida a ƙarshen 2024. Da an harbe ta fa?

Kuma mun taɓa gwadawa. Zamanin sojan Buhari an harbe mutum 3 a Legas a 1985 da dokar da aka yi bayan sun aikata laifin, hodar ibilis ba ta fasa shigowa ba. Majalisar dattawa ta sake tado da zancen a Mayun 2024, daga baya aka tsaya kan ɗaurin rai da rai. Ni a nan na tsaya, don a ƙasar da ma'aikacin filin jirgi zai liƙa sunanka a jakar wani, kamar yadda ka karanta a sama, ba zan yarda a ba kotu igiya kan ƙwaya ba. A ɗaure dila, a ƙwace gidajen da ya gina da motocinshi, a bi jami'in da ya buɗe mishi hanya a kan iyakar Kamba ko Tsamiya shi ma a haɗa da shi.